Mdou Moctar: yadda kiɗansa ya yi ta sauyawa da yadda ya tara masoya

Wanda ya zauna fada a Tahoua, Abalak ko Agadez wajen shekarar 2009 zuwa 2011, mai yiwuwa ya ji wata waƙar Tamajak tana tashi daga ƙaramar salula, da siririyar murya mai karkarwa irin ta waƙoƙin finafinan Kano. Mutane da yawa sun ji ta, sun tura wa abokai, ba su ma san mai ita ba. Mai muryar nan shi ne Mahamadou Souleymane, ɗan yankin Azawak a jihar Tahoua, wanda duniya ta sani yau da suna Mdou Moctar. Sunan ya zama na ƙungiyar kiɗan rok guda, wadda ke cika dandali a Amurka da Turai. To, yaya aka yi waƙar salula ta kai can? Kuma me ya sa waɗanda suka so shi tun farko ba duka ne ke jin daɗin kiɗansa na yanzu ba? Ga bayani dalla-dalla.

Tushen kiɗan

Rok kiɗa ne da ya taso a Amurka a shekarun 1950, ya bunƙasa a Ingila a shekarun 1960. Ginshiƙinsa gitar lantarki, da gitar bas mai kaurin murya, da ganguna, da ƙara mai yawa. Amma kiɗan gitar na Abzinawa yana da tasa hanyar daban. Ya faro ne a ƙarshen shekarun 1970 cikin samarin da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya. Ana ce musu ishumar, kalmar da ta samo asali daga sunan marar aiki a Faransanci. Ƙungiyar Tinariwen ta Ibrahim Ag Alhabib ita ce uwa a wannan fage, waƙoƙinta kuma a kaset suka yi yawo daga hannu zuwa hannu. A Nijar, marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, shi ne babban jagora.

Wasan Abdallah ne Mdou ya gani yana yaro, abin ya shiga ransa. Gidansu gidan addini ne, ba a son ya zama makaɗi, balle a saya masa gitar. Sai ya haɗa tasa da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa har yau. Ya yi zaman ci-rani a Libiya kamar sauran samarin yankin, ya dawo gida ya shiga kiɗan bukukuwan aure. Cikin hannunsa akwai salon ishumar, akwai kuma takamba, kiɗan molo da ƙwarya na yankin Gao, mai sa a yi rawa a zaune da hannuwa da kafaɗu.

Sakkwato, 2008

Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008. A lokacin, ɗakunan ɗaukar waƙa na ƙasar Hausa suna aiki da kwamfuta da fiyano, da na'urar nan da ke lanƙwasa murya ta koma kamar ta ƙarfe, wadda waƙoƙin finafinan Hausa suka yi suna da ita. Mdou ya ɗora waƙoƙin soyayya na Tamajak bisa wannan salo, da gangar inji maimakon hannun makaɗi. Abin ya fito baƙo: gitar ta hamada, ado na Hausa.

Babu kamfanin da ya fitar da kundin a lokacin, babu shagon da aka ce je ka saya. Waƙoƙin sun bi ta Bluetooth da katin memori. Ka zauna shan shayi da mutum, ka ji waƙa a wayarsa, ka ce "tura mini", kafin a zuba kofi na biyu ta shigo taka. Direba ya tafi da ita Arlit, ɗan ci-rani ya ƙetara da ita Tamanrasset, wani ya kai ta Kidal. Sau da yawa sunan mai waƙa kan ɓace a hanya, a bar lamba ko wani laƙabi. Masoyansa na farko ke nan: sun so muryar tun ba su ga fuskar ba. Shi kuwa mai waƙar, suna ya samu da gayyata zuwa biki, amma turawar nan ba ta kawo masa ko dala.

Baturen da ya bi sawun waƙa

Wani Ba'amurke ɗan birnin Portland, Christopher Kirkley, ya zauna Kidal a arewacin Mali yana kwafar waƙoƙi daga wayoyin mutane. A 2011 kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar da faifai mai suna Music from Saharan Cellphones, wato waƙoƙin salulolin Sahara. Cikinsa akwai "Tahoultine" ta Mdou. Kirkley ya yi ta cigiyar masu waƙoƙin don a ba su rabonsu, har ya samu lambar Mdou. Mdou ya sha ba da labari cewa da aka kira shi, ya ɗauka wani ɗan'uwansa ne ke masa ba'a. Daga baya Kirkley ya zo Nijar, ya kawo masa gitar lantarki ta bahagwai.

Daga nan aka samu rukuni na biyu na masoya, Turawa masu tara faifai da neman baƙon sauti. A 2013 Afelan ya fito, an ɗauke shi a Tchintabaraden, wasu waƙoƙin da gitar katako cikin natsuwa, wasu da lantarki cikin hayaniyar biki. A 2015 aka fitar da fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka yi a Agadez da harshen Tamajak. Kwaikwayo ne na Purple Rain, fim ɗin mawaƙin Amurka Prince na 1984. Mdou ya fito a matsayin makaɗi mai yawo bisa babur, wanda mahaifinsa ba ya son kiɗansa. Sunan fim ɗin na nufin ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Mutane da dama a waje ta fim ɗin nan suka san shi. A 2017 kuma ya fitar da Sousoume Tamachek, kundi mai sanyi da ya kaɗa kayansa shi kaɗai.

Lokacin da ƙara ta shigo

Babban sauyin ya zo ne a 2019 da Ilana: The Creator, wanda aka ɗauka a Detroit da cikakkiyar ƙungiya. Gitar ta yi kauri, ganga ta yi sauri, Mdou kan saki yatsu ya yi ta gudu bisa tsirkiya na mintoci. Jaridun Turai da Amurka suka fara kwatanta shi da Jimi Hendrix, wanda shi ma bahago ne, da Eddie Van Halen. Shi dai ya sha faɗa cewa bai tashi da sauraren rok ba, daga baya ya ga waɗannan mutane.

A 2021 Afrique Victime ya fito a kamfanin Matador na New York. A wannan kundi ƙungiyar mutum huɗu ce: Mdou da babbar gitar da murya, Ahmoudou Madassane da gitar rakiya, Souleymane Ibrahim bisa ganguna, sai Ba'amurke Mikey Coltun da ke riƙe da bas yana kuma haɗa sautin. Maganar waƙoƙin ma ta faɗaɗa. Soyayya tana nan, amma ga batun mulkin mallaka, da haƙƙin mata, da arzikin ƙasa da ake kwashewa talaka na zaune cikin duhu. Funeral for Justice na watan Mayun 2024 ya fi duka zafi. Cikinsa akwai "Oh France" kan Faransa, da "Imouhar" mai kira ga Abzinawa su riƙe harshensu kada ya ɓace. A shekarar ce kuma suka hau dandalin Coachella, ɗaya daga manyan bukukuwan kiɗa na Amurka. Nan rukuni na uku ya shigo: ƴan rok zalla, waɗanda ba sa jin Tamajak ko kalma guda, gitar ce ta jawo su.

Juyin mulki da komawa ga gitar katako

Ranar 26 ga Yulin 2023, da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ƙungiyar tana rangadi a Amurka. Aka rufe iyakoki, ƴan Nijar ɗin uku suka kasa komawa gida na wani lokaci. Masoya suka yi karo-karo ta intanet don a ɗauki nauyin zamansu. A cikin wannan jira ne suka shiga ɗakin ɗaukar waƙa a New York, suka sake kaɗa waƙoƙin Funeral for Justice da gitar katako da tafi da amshi, irin yadda ake yi a gida bakin wuta. Wannan ne Tears of Injustice, wanda ya fito a Fabrairun 2025. Waƙoƙi ɗaya, riga biyu: mai son ƙara ya ɗauki ta 2024, mai son sanyi ya ɗauki ta 2025.

Gardamar masoya

Duk ƙungiyar da ta daɗe tana sauya sauti sai an yi wannan gardama a kanta. Mutum kan riƙe waƙar da ya fara ji, don tana haɗe da wani lokaci na rayuwarsa: shekarar da ya tafi Libiya, yarinyar da yake nema, abokin da ya tura masa ita. In mawaƙi ya sauya, sai ya ji kamar an taɓa masa wannan lokacin. Shi ya sa za ka ji wanda ya san Anar yana cewa kiɗan yanzu hayaniya ce, an yi shi don kunnen Bature. Wanda ya shigo ta Afrique Victime kuma, in ka kunna masa Anar, sai ya yi mamakin wai mutum ɗaya ne.

Akwai gaskiya a zargin, akwai kuma inda ya gaza. Gaskiya ne kuɗin rangadi da na faifai daga waje suke zuwa, kuma babban dandali yana son babbar ƙara. Amma wanda ya taɓa tsayawa bikin aure a Agadez, inda ake ɗaura lasifika ga janareto a buɗe ta har ƙarshe, mai ganga na ƙara sauri samari na tsalle cikin ƙura, ya san ƙarar nan ba daga Detroit aka sayo ta ba. Ƙungiyar da kanta ta fitar da Niger EP kashi biyu a 2022, da ɗaukar da aka yi a bukukuwa da gidaje a nan ƙasar. Harshen waƙa kuma bai sauya ba, da Tamajak yake rera mafi yawansu, da rawaninsa yake hawa dandali.

Abin da ya rage abin dubawa shi ne rabon gida. Ɗan Nijar da ke New York ko Paris na iya sayen tikiti ya ga ƙungiyar da cikakkun kayanta. Na Abalak ko Madawa, sai dai ɗan guntun bidiyo da ɗan'uwa ya turo ta WhatsApp, in akwai rezo da kuɗin megas. Wato hanyar da waƙar ta bi ta fita, daga waya zuwa waya, ita take bi ta dawo.

Ta ina za a fara saurare?

Mai son waƙar soyayya da salon Hausa ya fara da Anar. Mai son natsuwar dare ya nemi Sousoume Tamachek ko Tears of Injustice. Mai son jin inda gitar za ta iya kaiwa ya kunna Afrique Victime, sannan Funeral for Justice. In kunne ya saba, hanya a buɗe take zuwa sauran ƴan gida: Bombino na Agadez, wanda kundinsa Deran na 2018 ya shiga takarar kyautar Grammy, da Etran de l'Aïr, makaɗan bikin Agadez, da Les Filles de Illighadad na kusa da Abalak, inda Fatou Seidi Ghali ke haɗa gitar da kiɗan tande na mata. Ƴan'uwa na waje kuma, in kun je wasansu, ku turo wa na gida waƙa cikakkiya tare da sunan mai ita.