Daga Wuri Zuwa Alat a Kasuwar Darki

A kasuwar Darki, cikin ƙasar Wudil, yanzu laimomin masu POS sun zauna daram kusa da 'yan hatsi, kuma dillali ba ya bari a ɗaga buhu sai ya ga alat. Mutane da yawa suna ɗauka doka ce ta kawo haka. Tarihin kuɗi a ƙasar Kano bai goyi bayansu ba. Hukuma tana iya shelar sabon kuɗi, amma kasuwar ƙauye ba ta sakin na hannunta sai sabon ya iya sayen abu mafi araha da ke cikinta. Turawa sun ci Kano a 1903, a 1904 suka hana shigo da wuri, suka nemi haraji da tsabarsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya watsa azurfa har ƙauyuka. Duk da haka wuri ya ƙara shekaru yana yawo, domin mai sayen daddawa ko ƙullin gishiri ba ta da abin yi da sule. Sai da anini ya wadata, wanda goma suke kwabo ɗaya, sannan wuri ya kwanta.

Haka aka maimaita da taransifa. Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, ya kawo shi Kano a 2013, amma ciniki a ƙauye bai canja kama ba. Za a ce ai canjin kuɗin da Godwin Emefiele, gwamnan bankin a lokacin, ya sanar a Oktoban 2022 ya yi aikin da lallashi ya kasa, tunda ƙarancin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a farkon 2023 ya tura dubban 'yan kasuwa buɗe asusu. Akwai gaskiya a nan, kuma falken da ya huta da ɗaukar damin kuɗi a hanyar da ake fashi ba zai so komawa baya ba. Sai dai a dubi wanda ya biya farashin. Matar da ta kawo tiya biyu ta gero ba ta da waya, balle asusu. Ta karyar da kayanta ga mai tsaba, ko ta koma gida da shi. Har sai da Kotun Ƙoli, ranar 3 ga Maris 2023, ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki.

Abin da ya ɗore bayan wahalar shi ne OPay da Moniepoint da ire-irensu, saboda sun kai na'ura inda banki bai taɓa buɗe reshe ba. Kuma babban aikin mai POS a Darki shi ne mayar da taransifar falke tsaba, ya cire cajinsa, manomi ya ƙirga a hannu kafin ya nufi wajen mai taki.