Daga hatimi zuwa TikZ: yadda na'ura ta koyi ajiye suna kusa da suna

Tun da kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, wasunmu malaman makaranta muka ga babu amfanin zaman jira, muka fara haɗa ƴan littattafan karatu da kanmu. A nan Tasawa, ni da wani abokin aikina tarihin gari muka ɗauka. Rubutun bai ba mu wuya ba. Shafi guda ne ya kusa raba mu, shafin salsalar sarauta, inda kowane suna yake cikin gidansa, layi kuma ya haɗa shi da na mahaifinsa.

Abokina ya zana nasa da manhajar rubutun da kowa ya saba da ita, yana jan akwati da linzami yana ajiyewa inda idonsa ya kwanta. Dare biyu ya yi a kai, ya kuwa yi kyau. Da muka kai wa wani dattijo ya duba, sai ya ɗora yatsa tsakanin sunaye biyu ya ce, "Mushe, kun tsallake mutum a nan, kuma yayan wannan ne." Suna ɗaya tal. Amma kafin a sama masa wuri sai an ture ƙannensa da ƴaƴansu da jikokinsu gefe, a sake jan kowane layi. Na ce mu koma manhajar LaTeX in rubuta makiro. Ya ce, "Haba Malam, wa zai cika shafi biyu da umarni don ya zana akwati talatin?" Har yau ba mu daidaita ba, shi ya sa na ga gara in bi abin tun daga tushe.

Makiro suna ne da mutum yake raɗa wa dogon umarni, duk lokacin da ya kira sunan sai na'ura ta warware shi ta aikata. Idan uwargida ta ce wa yarinya ta ɗora sanwa, ai ba ta tsayawa lissafa hura wuta da wanke tukunya da zuba ruwa. Magana ɗaya ta ɗauke su duka.

Ajiye abu a gidansa bisa ƙa'ida kuwa ya girmi injin ɗab'i a ƙasar Hausa. Kowa ya ga hatimi a allo ko a kundin malam: gida tara, ko ta ina ka haɗa lambobin sha biyar za su ba ka. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi wajen 1732 a kan yadda ake cika irin waɗannan gidaje. Abin da ya ja hankalina a aikinsa shi ne ƙa'idojinsa suna gaya maka inda lamba ta gaba za ta sauka ne daga inda ta baya take. Ka san taku, ka cika hatimi mai gida ashirin da biyar ko mai arba'in da tara ba tare da ka haddace ko ɗaya ba. Ban ce daga Katsina Turawa suka ɗauko ba. Na dai ce mai karatu ya riƙe wannan a ransa, za mu dawo gare shi.

Zamanin haruffan dalma ba shi da abin faɗi da yawa a nan. A Zariya, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, da sauran maɗaba'un duniya, rubutu daban ake jerawa, zane kuma mai zane ya yi shi da hannu a mayar da shi farantin ƙarfe, a bar masa fili a shafi. In an sami kuskure a zanen, sai sabon faranti.

Labarin ya soma ne sosai a 1977, lokacin da Donald Knuth na jami'ar Stanford a Amurka ya ga gwajin bugu na biyu na juzu'i na biyu na babban littafinsa kan lissafin kwamfuta. Maɗaba'ar ta bar injin dalma ta koma na hoto, shafukan suka fito ba yadda ya san su ba. Ran mutumin ya ɓaci, ya ajiye littafin ya zauna rubuta manhajar tsara shafi. Ya zaci aikin ƴan watanni ne, sai da ya ci masa kusan shekara goma. Manhajar, wadda ya kira TeX, ta fara fitowa a 1978, ya sake rubuta ta daga tushe a 1982. A idon TeX kowane harafi akwati ne, kowane layi akwati ne mai ɗauke da akwatuna, tsakaninsu kuma akwai tazara mai miƙewa da tsukewa. Ma'auninsa mafi ƙanƙanta kashi ɗaya ne cikin 65,536 na ɗigon ɗab'i, shi kuma ɗigon sai an tara 72.27 kafin a sami inci guda. Duk da wannan tsantseni, TeX bai iya jan karkataccen layi ba, sai miƙaƙƙe na tsaye da na kwance. Ƙofa biyu dai Knuth ya bari a buɗe. Ɗaya umarnin \def ne, wanda da shi ake raɗa makiro. Ɗayar kuma \special, wanda yake miƙa saƙo ga injin bugawa ba tare da TeX ya san abin da ke ciki ba. Kusan duk wani zane da aka yi a gidan TeX daga baya ta waɗannan ƙofofi biyu ya shigo.

Leslie Lamport ya tara makiro masu yawa ya kira su LaTeX, ya yaɗu daga 1985. Ya sa hanyar zane a ciki, kuma duk wanda ya taɓa gwada ta ba zai manta ba. Kowane abu sai ka ba shi lamba biyu, taku nawa daga hagu, taku nawa daga ƙasa. Karkataccen layi kuwa da guntayen haruffa na musamman ake jona shi, saboda haka karkatar ma ƙidayayyiya ce, da lambobin da ba su wuce shida ba ake faɗinta, da'ira kuma ba ta wuce faɗin ɗigo 40. Mutane suka riƙa zana abin a takarda mai gida-gida tukuna, sannan su kwafe lambobin. Wahalar abokina ce sak, sai dai shi da linzami, su da lissafi. Daga nan kowane malamin jami'a ya fara rubuta ƴan makironsa na ƙara wa lamba lamba, waɗanda babu mai gane su sai shi.

Gaskiya a faɗe ta, a wani gidan an riga an ga hanya. Brian Kernighan na ɗakin binciken Bell ya fito da wani ɗan harshen zane mai suna pic tun farkon shekarun 1980, inda za ka ce akwati, kibiya, akwati, su jeru da kansu, ko ka ce kusurwar wannan ta zauna a kusurwar wancan. Amma na troff ne, abokin hamayyar TeX. A gidan TeX kuwa, a farkon shekarun 1990 Timothy Van Zandt ya kawo PSTricks, wanda ya ba mutum damar raɗa wa gida suna sannan ya ce a ja layi daga wane zuwa wane. Babban ci gaba ne, sai dai da harshen PostScript yake aiki. Da Hàn Thế Thành, ɗalibi ɗan Biyetnam da ke karatu a Brno ta ƙasar Cek, ya fito da pdfTeX a rabin ƙarshe na shekarun 1990, kowa ya koma fitar da PDF kai tsaye, sai PSTricks ya zama sai an yi masa zagaye.

A nan Till Tantau ya shigo, Bajamushe, wanda yanzu yake koyarwa a Lübeck. A 2003 ya rubuta beamer don gabatar da kundin digirinsa na uku, ya kuma gina PGF don zane a ƙarƙashinsa, daga baya ya ɗora masa harshe mai sauƙin karantawa ya kira shi TikZ. Sunan ma ba'a ce da Jamusanci, ma'anarsa wai wannan ba manhajar zane ba ce. A TikZ kowane gida yana da suna, yana kuma da gabas da yamma da kudu da arewa, har da kusurwoyin da ke tsakani. Bahaushe bai buƙaci a yi masa bayanin wannan ba. Ka tambayi manomi a garin Mayahi ina gonarsa, zai ce gabas da ta wane, kudu da burtali. Ba ya cewa taku kaza daga bakin kasuwa.

Shekarar da nake ganin ta fi kowace muhimmanci ita ce 2008, kuma saboda wani ɗan abu ne da ido zai iya tsallakewa. Kafin nan, in kana son gida ya zauna dama da wani sai ka rubuta right of=, na'ura ta auna tazarar daga tsakiyar wancan zuwa tsakiyar wannan. In sunayen gajeru ne, lafiya lau. Ka sa Ɗan Kasawa kusa da Ɗan Baskore, kowanne da shekarun mulkinsa, sai akwatin wannan ya hau kan wancan. A shekarar ne fitowar TikZ ta 2.0 ta zo da sabon salo, right=of, inda ake aunawa daga bango zuwa bango. Wurin alamar daidai kawai aka sauya, amma daga ranar tsawon suna ya daina zama matsalar mai rubutu.

Na sha jin dalilan da ake bayarwa na yadda TikZ ya rinjayi sauran. Wasu su ce don kyauta ne. To, PSTricks ma kyauta ne, haka MetaPost na John Hobby, wanda har lissafin daidaito yake warwarewa da kansa ya gano inda gida zai zauna. Wasu su ce littafin bayaninsa ne, mai shafi fiye da dubu. Littafin yana da kyau, amma kaurin littafi korar mutane yake yi. Masu cewa PDF ne sun fi kusa da gaskiya, don shi ya buɗe masa fili. Sai dai fili daban, zama daban. Ni abin da na gani shi ne TikZ ya bar mutum ya rubuta dangantaka da baki irin nasa, a cikin takardar da yake rubutu, ya kuma dunƙule ta cikin makiro na layi uku. Wanda ya rubuta lamba ya rubuta inda abu yake yau. Wanda ya rubuta cewa wane ƙanen wane ne ya rubuta abin da ba zai canza ba ko an sauya girman takarda. Takun al-Katsinawi ke nan.

Ga yadda nawa suke. Na raɗa \ɗansa, wanda yake ajiye suna ƙarƙashin mahaifinsa ya ja layi, da \ƙanensa, wanda yake ajiye shi gefen yayansa ya haɗa shi da uba guda. Mutumin da dattijo ya ce mun tsallake, layi ɗaya na ƙara masa na gyara na ƙanensa, sauran duka suka matsa da kansu. Shi dattijon nan da ajami ya yi karatu, idonsa daga dama yake farawa, sai ya ga kamar mun sa ƙane gaba da wa. Kalma ɗaya na sauya a cikin makiron, zuriyar gaba ɗaya ta juya.

Su ma sunayen nan masu lanƙwasa suna da nasu tarihin. TeX na farko bai san ƙ ba, balle ƴ da mu a Nijar muke rubutawa, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma suke sa mata waƙafi a sama. A farkon shekarun 1990 Jörg Knappen ya zana haruffan fc don harsunan Afirka, aka sami abin bugawa. Amma raɗa wa umarni suna da ɗ ko ƙ bai yiwu cikin sauƙi ba sai da Jonathan Kew na ƙungiyar SIL ya fito da XeTeX a 2004, sannan LuaTeX ya biyo baya. Har gobe wanda ya gwada \ƙanensa a pdfTeX kuskure zai gani, sai ya haƙura ya rubuta da k.

Za a ce ai akwai shiryayyun kayan zana bishiya, me ya sa mutum zai wahalar da kansa. Akwai su. Sašo Živanović, masanin harshe ɗan Sulobeniya, ya yi forest, Thomas Sturm ya yi genealogytree don salsala kanta, kuma tun fitowa ta 3.0 a Disamban 2013 TikZ yana iya jera gidaje da kansa. Masu nazarin jimlar Hausa su rungumi forest, zai ishe su. Salsalar sarauta a ƙasar Katsina ta arewa kuwa zare biyu ne a saƙe. Akwai zaren haihuwa, akwai zaren gadon sarauta, wanda yakan tashi daga wa zuwa ƙane, ya tsallaka ɗakin baffa, ya dawo. Ga kuma ɗakunan iyaye mata, waɗanda in ba a nuna su ba ba za a gane dalilin rabin rigingimun ba. Na'urar da aka bar wa zaɓi takan jera gidaje yadda layuka ba za su sarƙe ba, ba ruwanta da wanda ya girmi wani. A Tasawa, garin da ya riƙe hedikwatar Faransawa kafin su mayar da ita Maraɗi a 1927, kuma kowane gida yake riƙe da nasa lissafin, ba zan bar wa na'ura ta zaɓi wanda zai zauna gaba ba.

Abokina yana da gaskiya a wuri guda: in zane ɗaya ne, na yau kaɗai, wanda ba mai sake taɓa shi, linzami ya fi sauri nesa ba kusa ba. Namu shafin dai an gyara shi sau huɗu ke nan, kuma ba mu kai shi Mayahi ba tukuna. Duk wanda yake da rubutacciyar salsala a gida, ta ajami ko ta boko, don Allah ya kawo mu gani kafin a kai littafin maɗaba'a.