Rumbun Tsimin Man Fetur na Amurka: Asalinsa da Sauyin Manufarsa, 1973-2023

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin rumbun tsimi, wato hatsin da maigida kan killace, ba a taɓa shi sai shekarar da damina ta yi gardama. Irin wannan dabara ce ƙasashe masu ƙarfin masana'antu suka ɗauka game da man fetur, bayan da suka ɗanɗana kuɗarsu a shekarar 1973. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda Amurka ta kafa nata rumbun, da yadda aka riƙa buɗe shi, domin a gano ko ya kai ta ga dogaro da kai da shugabanninta suka yi buri.

2.0 Mafarin Al'amarin

A ranar 6 ga Oktoba 1973 Masar da Siriya suka far wa sojojin Isra'ila, da niyyar ƙwato yankunan da aka mamaye a yaƙin 1967. Da Amurka ta shiga yi wa Isra'ila jigilar makamai, sai ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka yanke shawarar rage haƙowa da kashi 5 cikin 100 kowane wata, suka kuma hana sayar wa Amurka da Holan. Cikin 'yan watanni farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Ko da aka janye wa Amurka takunkumin a watan Maris 1974, farashin bai koma gidan jiya ba.

Faɗuwar wani tashin wani. Nijeriya, wadda ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, ba ta cikin masu takunkumin, don haka kuɗi suka kwararo mata. Ƙarin albashin Udoji da cunkoson jiragen siminti a tashar Legas a 1975 duk 'ya'yan wannan zamani ne.

3.0 Kafa Rumbun

A watan Nuwamba 1973 Shugaba Nixon ya yi shelar cewa kafin 1980 Amurka za ta wadatar da kanta da makamashi. Shekara guda bayan haka aka kafa Hukumar Makamashi ta Duniya a Faris, wadda daga bisani ta wajabta wa ƙasashenta ajiye man da ya kai na shigowar kwana 90. A ranar 22 ga Disamba 1975 Shugaba Ford ya sa hannu a dokar da ta kafa rumbun, ta kuma taƙaita fitar da ɗanyen mai waje.

An haƙa ma'ajiyar ne cikin duwatsun gishiri na ƙarƙashin ƙasa a jihohin Texas da Louisiana. Akan tura ruwa ya narkar da gishirin har kogo ya samu, sannan a ɗura mai. In za a ɗiba, sai a tura ruwa ta ƙasa, man ya taso sama. An fara zubawa a watan Yuli 1977, kuma abin lura shi ne ɗanyen man Saudiyya aka fara zubawa. Ajiyar ta kai ƙololuwarta a Disamba 2009, da ganga kusan miliyan 727.

4.0 Buɗe Rumbun

An buɗe shi buɗewar gaggawa a lokacin yaƙin Tekun Fasha a 1991, da bayan guguwar Katrina a 2005, da kuma yaƙin Libiya a 2011. Mafi girma a wannan tsakani ita ce ta 2022, sa'ad da Rasha ta kutsa Yukiren, Shugaba Biden ya ba da umarnin fitar da ganga miliyan 180. A wannan karo gidajen mai ba su ƙafe ba. Tsada ce ta addabi jama'a, ga kuma zaɓen majalisa na tafe. Saboda haka 'yan adawa suka zarge shi da cin tsimi don neman ƙuri'a, magoya bayansa kuwa suka ce tsadar ita kanta masifa ce. A tsakiyar 2023 ajiyar ta sauka zuwa ganga kimanin miliyan 347, adadin da rabon da a gan shi tun 1983.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci abubuwa biyu. Na farko, rumbun da aka gina don tsoron takunkumi ya rikiɗe ya zama makamin danne farashi. Na biyu, burin Nixon bai cika ta hanyar tsimi ba. Sabuwar fasahar fasa duwatsu ce ta mayar da Amurka kan gaba a haƙo ɗanyen mai a 2018, har a 2020 abin da ta fitar ya ɗara wanda ta shigo da shi. Duk da haka tsadar 2022 ba ta ƙyale ta ba, domin kasuwar duniya ke yanke farashi. Ko a lokacin da rumbun ya fi cika, bai kai abin da ƙasar ke sha a kwana 40 ba. Amfaninsa shi ne bai wa gwamnati sararin numfashi na 'yan watanni kafin a sasanta rikici, kuma kowace ganga da aka ɗiba sai an sayo madadinta.