Kasuwancin jama'a a intanet: ta ina kuɗin ke shigowa?

A Gidan Rumji, Agye da Gazawa, kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, da wuya a samu mai babbar salula da ba ya cikin wani zaure na WhatsApp ko shafin Facebook. Akwai zauren ƴan kasuwar hatsi, na masu kiwon tumaki, na matan da ke sayar da atamfa da turaren wuta, na ƴan gari mazauna Yamai, Kano, Libiya ko Aljeriya. Mafi yawan waɗannan zauruka don zumunci aka buɗe su. Amma wasu matasa sun mayar da nasu sana'a, suna zuba lokaci da kuɗin mega a ciki da fatan ya ciyar da su. Wannan bayani ya tattara hanyoyin da irin wannan kasuwanci ke samun kuɗi, a duniya da ƙasar Hausa, da abubuwan da ke tayar da shi ko su kayar da shi.

Mene ne kasuwancin jama'a a intanet?

Kamfani ne ko ƙaramar sana'a da jarinta na farko mutane ne. Wanda ya kafa dandalin ba shi ke samar da mafi yawan abin da ake zuwa nema ba. Mambobi ne ke kawo labari, farashi, hoto, tambaya da amsa. Shi aikinsa ya shimfiɗa tabarma, ya tsara dokoki, ya kori mai zamba. Idan mutane suka watse, dandalin ya zama kango, ko da an kashe miliyoyi wajen gina shi.

Wannan ne ya bambanta shi da kanti. Mai kanti ya san abin da yake sayarwa tun ranar da ya buɗe ƙofa. Mai dandali kuwa sai ya fara tara jama'a, sau da yawa kyauta, sannan ya nemi wanda zai biya. Tambayar da kowane irin wannan kamfani ke fuskanta ita ce: wa zai biya, don me, kuma ba tare da jama'ar sun gudu ba?

Abin yana da tushe a jihar Maraɗi

Tun kafin intanet, yankin nan ya san sana'ar da ke tsaye a kan amana tsakanin jama'a. Adashi tsohon abu ne. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi: mata na haɗuwa duk mako su zuba kuɗi a asusu, su ranta wa junansu da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye su raba. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Dillalin kasuwar dabbobi shi ma ba shi da sa ko rago nasa, sanin mutane yake sayarwa, ya karɓi la'ada. Gidajen rediyon karkara kuma da kuɗin sanarwar biki, ta'aziyya, cigiya da katin gaisuwa suke biyan wani ɓangare na hidimarsu.

Zuwan salula ya nuna cewa labari kansa yana da daraja. Binciken da Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, ta yi a kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006 ya gano cewa shigowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ɗan kasuwa ya daina hawa mota don kawai ya ji nawa ake sayar da tiyar gero a wani gari. Zauren WhatsApp na yau ci gaban wannan ne.

Hanya ta farko: talla

Ita ce mafi shahara. Jama'a na shiga kyauta, ɗan kasuwa na biya don su ga hajarsa. Kamfanin Meta, mai Facebook, WhatsApp da Instagram, yana samun fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗinsa daga talla. A Najeriya, dandalin Nairaland da Seun Osewa ya kafa a 2005 ya rayu a kan tallace-tallacen da ƙananan ƴan kasuwa ke saye a shafukansa.

YouTube na raba kuɗin talla da masu tashoshi: mai tasha na karɓar kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogayen bidiyonsa. Kafin a fara biyansa sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma ya kasance a ƙasar da shirin ya amince da ita. Masu shirya fina-finan Hausa sun rungumi wannan hanya bayan kasuwar faifai ta mutu. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So na tashar Bakori TV da Labarina na Aminu Saira sun tara masu kallo a Najeriya, Nijar, Gana, Sudan da Saudiyya. Sai dai abin da YouTube ke biya ya danganta da ƙasar mai kallo: kallo dubu daga Turai ko Amurka ya fi kallo dubu daga Afirka ta Yamma kawo kuɗi nesa ba kusa ba. Shi ya sa masu shirye-shiryen ke haɗawa da tallan kai tsaye, inda mai shago ko mai maganin gargajiya ke biyansu hannu da hannu.

Ga ƙaramin dandali na gunduma, wannan tallan na kai tsaye ne ya fi dacewa. Mai sayar da taki, tela ko makaranta mai zaman kanta ba ya bukatar mutum miliyan. Mutum ɗari biyar na garinsu sun fi masa amfani.

Hanya ta biyu: la'ada

A nan dandali na haɗa mai saye da mai sayarwa, ya cire kasonsa idan ciniki ya faɗa. Haka Jumia, wanda aka kafa a Legas a 2012, ke yi da ƴan kasuwar da ke baje kaya a shafinsa. Yankinmu na da kayan da ake nema daga nesa: wake, riɗi, aya, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, jar akuyar Maraɗi, ragunan layya. Babbar hanyar ƙasa ta ɗaya ta ratsa Gidan Rumji, Maraɗi, Caduwa, Agye da Gazawa, ga kuma hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina.

Raunin wannan hanya sananne ne ga kowane dillali: da zarar mai saye da mai sayarwa sun samu lambar juna, sai su zagaye shi. Dandalin da ke son la'adarsa ta ɗore dole ya yi aikin da su biyun ba za su iya yi da kansu ba: ya duba kaya da idonsa, ya riƙe kuɗi har kaya su isa, ya san direban da za a ba saƙo a tasha, ya sasanta idan rigima ta taso.

Hanya ta uku: kuɗin shiga ko kuɗin wata

Mamba na biya don ya ga abin da ba a ba kowa. Misali mafi kusa shi ne na marubutan littattafan Hausa na intanet, waɗanda akasarinsu mata ne. Marubuciya na sakin shafukan farko kyauta a Facebook, WhatsApp ko Wattpad. Idan labari ya kama masu karatu, sai ta buɗe zaure na musamman ga waɗanda suka biya, ta banki ko da katin waya. Masu karatu na Nijar kan biya da sefa ta hannun wata wakiliya. A ɓangaren fim, Northflix da Arewa24 sun buɗe manhajojin kallo na biya.

Matsalarta satar fasaha: mutum ɗaya ya biya, ya tura wa ɗari. WhatsApp kansa ya taɓa karɓar kusan dalar Amurka ɗaya a shekara daga masu amfani da shi. Facebook ya saye shi a 2014 a kan kusan dala biliyan 19, a 2016 kuma aka soke kuɗin, aka koma neman riba daga kamfanonin da ke hulɗa da abokan cinikinsu ta manhajar. OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai ta Najeriya da aka kafa a 2013, wadda marubutan Hausa da dama suka yi amfani da ita, ta rufe a ƙarshen 2023.

Hanya ta huɗu: gudummawa da tallafi

Wasu dandali ba sa sayar da komai. Wikipedia, da aka kafa a 2001 kuma tana da sashen Hausa, ba ta saka talla, da gudummawar masu karatu take tafiya. A Nijar, Studio Kalangou da gidauniyar Hirondelle ta buɗe a Yamai a 2016 yana shirya labarai da Hausa da wasu harsunan ƙasa da kuɗin masu tallafi, gidajen rediyo abokan hulɗa su watsa. Ƙungiyar RECA ta ɗakunan manoma tana da cibiyar da manomi zai kira ko ya aika hoton cutar shukarsa ta WhatsApp, a ba shi shawara da harshensa.

Tallafi na taimaka wa aikin da jama'a ke bukata amma ba za su iya biya ba. Haɗarinsa shi ne yana da wa'adi. Ranar da shirin ya ƙare, dandalin da bai koyi wata hanyar samun kuɗi ba sai ya tsaya cik. A matakin gari, gudummawar ƴan gari mazauna waje ta fi ɗorewa, muddin ana bayyana abin da ya shigo da abin da aka kashe.

Hanya ta biyar: sayar da kaya ko aikin hannu

A nan dandali talla ne kawai ga ainihin sana'ar. Mai shafin girke-girke na sayar da yaji da garin kunu. Mai zauren manoma na sayar da iri da taki. Mai ɗaukar bidiyon gari na samun aikin biki da suna. Matasan da ke son ƙirƙirar fasaha tasu na da misalin Abdou Maman Kané, ɗan Nijar da ya ƙera na'urar ban-ruwa da ake sarrafawa da salula, ya ci kyautar kamfanin Orange a 2011. A Yamai akwai cibiyar CIPMEN mai renon ƙananan kamfanoni, a Maraɗi kuma jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na yaye matasan da ke iya shiga wannan fage.

Lissafi kafin a fara

A ɗauki misali. Wani matashi na da zauren mutum 800 da ke kawo farashin hatsi da dabbobi. A wata yana kashe jaka 10 a mega, jaka 3 a cajin waya, jaka 12 a kuɗin kabu-kabu zuwa kasuwanni. Jimla jaka 25. Idan ƴan kasuwa biyar na biyansa jaka 2 kowanne don talla, ya samu jaka 10. Idan ya haɗa ciniki takwas, kowanne ya bar masa jaka 2, ya samu 16. Jimla jaka 26: ribar jaka ɗaya a wata, ba a ma ƙirga wahalarsa ba. Da zai ce kowane mamba ya biya dala ashirin a wata, ko mutum 200 ne kawai suka amsa, jaka 20 ce ta ƙaru. Amma idan sauran 600 suka fita, masu talla ma za su bi su. Shi ya sa masu dandali da yawa ke barin ƙofa a buɗe ga kowa, su keɓe wani abu na musamman ga mai biya, su kuma haɗa hanya biyu ko uku.

Biyan kuɗi da sauran cikas

Mutane kaɗan ne ke da asusun banki a karkara. Ana biya ne ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza, ko ta Airtel Money da Moov Money. Kowane aike na da kuɗinsa, kuma idan abin da za a biya ƙarami ne, kuɗin aiken na iya cinye ribar. Mai hulɗa da Katsina ko Kano sai ya ƙara da canjin naira da sefa, wanda ke hawa da sauka.

Wutar lantarki da iyaka su ma suna cikin lissafi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, iyaka kuma ta kasance a rufe har watan Maris na 2024. Duk wanda cinikinsa ya dogara da kayan da ke ƙetarawa ya ji a jikinsa. Ƙarfin intanet na raguwa da zarar an bar bakin kwalta, ko da yake Starlink ya fara aiki a ƙasar a 2025. Sannan da yawa daga cikin manoma da mata ba sa karanta boko, don haka saƙon murya ya fi rubutu isa gare su. Matsayin harshen ƙasa da aka ba Hausa a 2025 ƙarin dalili ne na gina dandali da harshen da mutane ke ciniki da shi.

Akwai kuma haɗarin gini a filin aro. Zaure ko shafi mallakar kamfanin da ya ƙirƙiri manhajar ne. Yana iya rufe shi ko ya canza dokoki ba tare da shawara ba, ɓarawon lamba ma na iya ƙwace shi. Mai hankali na ajiye sunaye da lambobin abokan cinikinsa a wani wuri dabam, da saninsu da yardarsu.

Doka da amana

Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, don haka sayar da lambobin mambobi ba hanyar samun kuɗi ba ce. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗauri a kan ɓata suna, zagi da yaɗa abin da ke iya tayar da hankalin jama'a. Shugaban zaure na da dalilin sa ido a kan abin da ake turawa. Wanda kuma ke son aiki da ƙungiyoyi ko ma'aikatar magajin gari zai bukaci rajistar kasuwanci da lambar haraji, domin ba sa biyan kuɗi sai da takarda.

Zamba ce babbar abokiyar gaba: hoton ragon da ba ya nan, adashin intanet da mai riƙe kuɗi ke ɓacewa, alkawarin ninka jari cikin mako. A gari kamar Tsibiri, Cadakori ko Gangara, inda kowa ya san gidan kowa, labarin cuta ɗaya na isa ko'ina kafin la'asar. Wannan sanin juna kuma shi ne abin da ƙaramin dandali na gida ya fi manyan kamfanoni da shi. Wanda ya bayyana kasonsa tun farko, ya nuna talla a matsayin talla, ya mayar da kuɗi idan kaya ba su isa ba, shi ne mambobi za su yarda su biya wata mai zuwa.