Asalin Zanen Bango a Ƙasar Hausa

Wanda ya ratsa layukan Kinkinau a Kaduna zai riƙa cin karo da dagi, wani a saman ƙofa an lanƙwasa shi da ƙarfe, wani a goshin gida an fitar da shi da siminti an bi shi da fenti. Yara sun ɗauka tambarin Arewa ne kurum da ya zo zamanin Sardauna. Ina! Kaduna ba ta zama hedikwata ba sai 1917, shi kuwa zane tuni ya tsufa a bangayen Zazzau da Kano.

Ta inda ya shigo ne bakin masana ya rabu. Wasu sun ce fatake ne suka gano shi a Masar da Turabulus suka kawo. Wasu kuma sun ce daga hannun malamai masu zayyanar allo da Alƙur'ani ya fito, maɗinka suka ɗora shi a gaban riga, magina suka kwafa. Ni na fi yarda da na biyun. Duk wanda ya dubi aska takwas, ya juya ya dubi bangon tsohon zaure, ya ga yadda layi ke nutsewa ƙarƙashin ɗan'uwansa ya ɓullo gaba, ya san uwa ɗaya ta haife su.

Amma in ana zancen gini da adonsa, suna ɗaya tsofaffin Zariya ke kira: Babban Gwani, Malam Mika'ilu, wanda wasu ke ce wa Muhammadu Durugu. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Sun ce da dare yake aikinsa. Da rana ma'aikata su kwaɓa ƙasa, su tara tubali da azara, su watse. Gari na wayewa sai a tarar bakan gizo ya tashi, ba wanda ya ga yadda aka ɗaura shi. Daga nan aka fara raɗe-raɗin wai aljanu ke kama masa. Adon ginshiƙan kuwa da ƙasar ginin ya yi shi tun tana ɗanya, ya tayar da nan, ya nutsar da can, hasken da ke shigowa ya ƙarasa masa sauran.

Ƙarshensa, in ji tsofaffi, a Birnin Gwari aka yi shi. Wai da ya gama wa sarkin garin wani gini, sarki ya duba ya ga babu kamarsa, sai ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Ana ba da wannan labari kan gwanaye a ƙasashe da dama, don haka ina jin ƙaunar mutumin ce ta haife shi. Unguwar Babban Gwani dai tana nan cikin birnin Zariya, zuriyarsa kuma sun gaji sana'ar.

Kayan aikin magabata duk na gida ne. A jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba, a shafe bango da ita ya yi ja-ja mai duhu, ruwan damina ya riƙa zamewa. A ɗebo katsi daga marina, a haɗa da gashin awaki daga majema da dafara, a sami laso. Launi kuwa farar ƙasa da jar ƙasa da shuni. A kusurwoyin soro a tsayar da zankwaye, a cikin rufin daurin guga wani lokaci a kafa farantai masu walƙiya. Daga nesa baƙo zai gane gidan attajiri ko na mai sarauta ba sai ya yi tambaya ba.

Da siminti da fentin gwangwani suka zo, wajen shekarun 1950, magina suka shiga zana keke da agogo da jirgin sama a fuskar gidaje. Wannan ma ya yi armashi. Bayansa sai bulo da tayil suka cinye kasuwa, masu sana'ar suka ragu. Shi kansa masallacin Babban Gwani a shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon ginin kankare, abin takaici. Wanda ke son ganin siffarsa ta asali sai ya je gidan tarihi na Jos, inda aka gina kwafinsa da ƙasa.