Daga Zariya Zuwa Bakin Tafkin Kainji: Yadda Makarantar Likitoci Ke Matsowa

A shekarar 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar koyon aikin likita a Zariya, shekara biyar bayan kafa jami'ar. Kafin wannan lokaci, ɗan Arewa da ke son zama cikakken likita sai ya nufi Ibadan ko Legas, ko kuwa ya ƙetare teku, kamar yadda Dokta Barau Dikko na Wusasa, likitan farko daga Arewa, ya yi karatunsa a Ingila. Ga manomin Shanga ko masuncin Ngaski a ƙasar Yawuri kuwa, likita labari ne da ake ji daga birni. Abin da suka sani shi ne malamin asibitin En'e da kwalabensa, sai unguwarzoma da wanzami da maɗori. Daga wancan zamani zuwa yau makarantar likitoci ta matso kusa da ƙasar Yawuri har sau uku: Zariya, sannan Sakkwato, sannan Birnin Kebbi. Amma tarihinta ya nuna cewa ba yawan gine-gine ko yawan ɗalibai ne ya sa ta yi suna ba. Ta girma ne a lokacin da malamanta suka duƙufa kan cututtukan mutanen da ke ƙofarta, kuma da wannan mudu ya kamata a auna sababbin makarantun.

A shekarun 1970 tsangayar Zariya ba ta da ginin kanta na a-zo-a-gani. Tsofaffin asibitocin gwamnati ta ara, a Tudun Wadan Zariya da Kaduna da Malumfashi, kuma sai a 2005 asibitin koyarwa ya tare a mazauninsa na Shika. Duk da haka, a waɗannan shekaru na zaman aro ne ta fitar da ayyukan da duniya ta san ta da su. Shugaban jami'ar kansa, Farfesa Ishaya Audu, likitan yara ne. Farfesa Eldryd Parry da abokan aikinsa sun lura cewa mata da yawa a ƙasar Zazzau suna zuwa da kumburi da ciwon zuciya makonni kaɗan bayan haihuwa, sai suka bi sawun lamarin har cikin ɗakin mai jego: wankan tafasasshen ruwa, kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa, da kunun kanwa mai yawan gishiri da ke tara ruwa a jiki. Babu littafin Turai da zai koya musu wannan. Sai da suka tambayi matan. Brian Greenwood ya shafe kimanin shekara goma yana nazarin sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. David Warrell ya yi aiki kan saran kububuwa da ke kashe manoma. Farfesa Kelsey Harrison kuma ya tattara bayanan haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, ya nuna cewa mutuwa ta fi faɗa wa matan da ba su je awo ba, waɗanda ake kawowa bayan naƙuda ta yi tsawo. Ɗaliban da suka yi zagayen marasa lafiya bayan waɗannan malamai, suka kuma zauna a Malumfashi suna ganin ciwon ƙauye a inda yake tasowa, su ne suka zama malamai da shugabannin asibitocin Arewa daga baya.

Mataki na biyu ya zo da Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, aka sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Har zuwa 1991, lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi, Yawuri na cikin Jihar Sakkwato, saboda haka kwalejin lafiyar wannan jami'a ita ce ta gida. Kuma ƙasar Yawuri ba 'yar kallo ba ce a ginin jami'ar. Farfesa Mahdi Adamu, masanin tarihi ɗan Ngaski, ya shugabance ta a shekarun 1980, lokacin da kwalejin da asibitin koyarwarta ke tsayawa da ƙafafunsu. Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi ma ya riƙe wannan kujera kafin ya zama Sarkin Yawuri a 1999. A hankali asibitin ya kai matsayin da ake yin aikin ƙwaƙwalwa a cikinsa, ƙarƙashin Farfesa Bello Bala Shehu, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013. Makarantar likitocin wannan jami'a ita ce mataki na uku.

To, amma a dubi abin da ke kwance a bakin ruwa. An kammala madatsar Kainji a 1968, wato kusan sa'ar tsangayar Zariya ce, kuma tafkin ya tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu da gungunansu, ciki har da Gungawa da Kambari. Ruwa mai gudu ya koma ruwa kwantacce, wanda ya dace da ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, ya kuma dace da sauro. Yaron masunci da ke wuni cikin ruwa yana fitsarin jini, har wasu iyaye su ɗauka alamar girma ce. Mai naƙuda a gungu sai an nemo kwale-kwale kafin a yi maganar mota. Manomin shinkafa da albasa a fadamun Shanga yana tare da maciji da zazzaɓi duk damina. Wannan yanki makaranta ce sukutum, irin wadda Malumfashi ta zame wa Zariya, amma asibitocin koyarwa suna can nesa, tafiyar sa'o'i a mota. Ina ganin babban gibin da ya rage shi ne a mai da babban asibitin Yelwan Yawuri wurin koyarwa na dindindin, inda ɗalibai za su zauna watanni tare da malamansu, su shiga ƙauyukan Shanga da Ngaski da gungunan tafki.

Za a ce malamai ba su ishi ko da asibitin koyarwar ba, balle a raba su. Kuma hukumar da ke kula da aikin likita ba ta amincewa da makaranta sai ta ga ƙwararru da gadaje da kayan gwaji. Wannan magana tana da nauyi, domin ɗalibin da aka tura ƙauye ba mai duba shi, kuskure zai koya, kuma rayukan mutane ne a hannunsa. Sai dai Zariya ta shekarun 1970, duk da zaman aro, ta iya riƙe Malumfashi. Abin da ake buƙata bai wuce likitan yara, da na mata, da na lafiyar al'umma, da masauki mai ruwa da wuta ba. Ribar kuma biyu ce: ranar da malami ya zauna a Yelwa don ɗalibansa, ranar ce majinyacin Shanga ya sami ƙwararre ba tare da ya sayar da sa don kuɗin mota ba.

Za a kuma ce wahalar banza ce, tun da likitan da aka kashe shekara shida ana horarwa, da ya gama zaman sanin makamar aiki da bautar ƙasa, sai ya nufi Abuja ko Saudiyya ko Ingila. Gaskiya ne da yawa suna tafiya, kuma ba a zargin wanda albashinsa ba ya riƙe gidansa. Amma ba kowa ke tafiya daidai da kowa ba. A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 kan yadda za a riƙe ma'aikatan lafiya a karkara, ta ba da ƙarfi ga ɗaukar ɗaliban da suka tashi a karkara da kuma horar da su a can, domin su suka fi komawa. Wannan ba ya nufin a sassauta jarrabawa ga ɗan Shanga. Majinyacin Shanga ne zai fara cutuwa da hakan. Yana nufin gyaran ya fara daga sakandare, inda ake rasa malamin kimiyya da ɗakin gwaji, a kuma haɗa da tallafin karatu mai sharaɗin dawowa aiki gida na wasu shekaru. 'Yan mata sun fi cancantar wannan tallafi, domin a garuruwa da yawa na bakin tafki mace ta fi sakin jiki ta faɗi abin da ke damunta idan likitar mace ce, musamman wadda ke jin Gunganci ko Kambarci.