Kaburburan Maijirgi da Rigimar Kashi na Biyu

A watan Disamba na 2019 kamfanin Disney ya saki kashi na tara na Star Wars, fim ɗin yaƙin sararin samaniya da George Lucas ya fara a 1977. Abin da ya fi tada ƙura a cikinsa shi ne dawowar mugun sarkin nan Palpatine. Kowa ya ga an jefa shi rami a fim ɗin 1983, an yi murna an watse, sai ga shi bayan shekara 36 yana numfashi, ba tare da wani gamsasshen bayani ba. Dama tun kashi na takwas, a 2017, masoya fim ɗin sun rabu gida biyu, har wasu suka riƙa tara sa hannu a intanet wai a soke shi. Daga nan YouTube ya cika da masu zama su tsara yadda a ganinsu ya kamata labarin ya ci gaba: wa zai mutu, wa zai tuba, wa zai gaji wa. Shi kuwa Disney, da ya sayi kamfanin Lucas a 2012 kan dala biliyan 4, tun a 2014 ya shelanta cewa tarin littattafan da aka rubuta a matsayin ci gaban labarin sun fita daga lissafi. Mai kuɗi ya yi magana.

Mu da muka saba da “mu haɗu a kashi na biyu” a finafinan Kano mun san wannan ciwon. Sai dai a ƙasar Hausa akwai wani labari da aka fi shekara ɗari ana ja-in-ja a kan ci gabansa, shi ma da mugun da aka ce ya mutu daga baya aka ce bai mutu ba, kuma jinin da ke cikinsa na gaske ne. Wanda ya bi babban titin Maraɗi zuwa Damagaram, in ya wuce Tasawa kaɗan zai iske garin Maijirgi. Nan kaburburan kyaftin biyu na Faransa suke, Paul Voulet da Julien Chanoine.

Faransa ce ta turo su, da umarnin su kai tutarta Tafkin Cadi, su kuma ɗauki fansar Kyaftin Cazemajou da aka kashe a Zinder a watan Mayun 1898. Voulet ya riga ya yi suna da cin Wagadugu a 1896. Chanoine kuwa ɗan gata ne, mahaifinsa janar ne da ya riƙe ma'aikatar yaƙi a 1898. A watan Janairun 1899 suka baro bakin kogin Kwara da bindigogi kusan 600, da ɗaruruwan 'yan dako, ba guzurin kirki. Abincin ayarin da ruwansa duk a wuyan garuruwan hanya suke. Garin da ya yi gardama a ƙone shi, wanda ya buɗe ƙofa ma ba lalle ya tsira ba. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ƙasar Arewa. A watan Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni, kisan da har gobe mutanen garin ke ba da labarinsa. Suka bi ta Gobir, suka ratsa Tibiri, suka nufo gabas, ayarin yana ƙara kumbura da mata da yaran da aka kamo.

Wasiƙa ce ta tona su. Wani laftanan mai suna Peteau, da Voulet ya kora, ya rubuta wa budurwarsa abin da ya gani, takardar ta yi ta yawo har ta kai hannun hukuma a Paris. Aka umarci Laftanan Kanar Klobb ya je ya karɓi ragamar ayarin. Ya biyo sawunsu da 'yan sojoji kaɗan, kuma bai sha wahalar neman hanya ba, toka da gawarwaki suka yi masa jagora. Abin da ya rubuta a kan Tibiri da Koran Kalgo, har da mata da ƙananan yara a rataye a bishiya, yana cikin littafinsa na tafiya. Ranar 14 ga Yuli, wato ranar bikin ƙasar Faransa, ya cim ma Voulet a Dankori kusa da Tasawa. Klobb ya hana mutanensa harbi. Voulet ya ce a buɗe wuta. Klobb ya faɗi matacce, mataimakinsa Meynier ya ji rauni.

Hafsoshin da suka rage sun ba da labarin cewa a daren Voulet ya cire galolinsa, ya ce shi ya bar zama Bafaranshe, zai kafa daular kansa. Sojojinsa baƙar fata, galibi mutanen yamma da suka baro gida wata da watanni, suka gane ba ranar komawa. Ranar 16 ga wata suka bindige Chanoine. Washegari mai gadi ya harbe Voulet yana ƙoƙarin shigowa sansani. Aka binne su a Maijirgi.

To, a nan gwamnatin Faransa ta so a rufe littafi. Bayanin da aka yaɗa shi ne zafin rana da kaɗaici sun taɓa wa samarin ƙwaƙwalwa, har da sunan cuta aka laƙa wa abin, wai haukan Sudan. Da ɗan majalisa Paul Vigné d'Octon ya nemi majalisa ta kafa kwamitin bincike a 1900, aka kada shi. Binciken da soja suka yi da kansu aka rufe shi a 1902. Mai karatu ya lura da abin da ya girgiza Paris: Bature ya harbe Bature, kuma na gaba da shi. Ƙonni da Tibiri da Koran Kalgo sun shiga labarin ne a matsayin shaidar cewa mutumin ya haukace. In dai hauka ne, ai ba wanda za a tuhuma, tunda mahaukatan sun mutu.

Amma labari ba ya kwanciya don hukuma ta ce ya kwanta. A 1923 wani matashin kwamandan Tasawa, Robert Delavignette, wanda daga baya ya zama babba a ma'aikatar mulkin mallaka, ya sa aka tone kaburburan biyu, aka iske ba kowa a ciki. Kabari a jeji, cikin damina, a ƙasar kuraye, bayan shekara 24, dalilan da za su sa a rasa ƙashi suna da yawa. Masu son almara ba su tsaya nan ba. Sai zance ya bazu a tsakanin Turawa cewa hafsoshin ne suka shirya ƙaryar mutuwar don a kashe maganar, Voulet ya sulale arewa, ya zama wani farin sarki a duwatsun Tibesti. Ga Palpatine tun kafin a haifi George Lucas. Kuma abin da ya ja marubutan Disney shi ya ja masu wannan jita-jita: mugu ya fi kowa daɗin ba da labari, in ya mutu sai a rasa abin faɗa. Littafin Jacques-Francis Rolland na 1976, Le Grand Capitaine, da fim ɗin talabijin na Serge Moati, Capitaines des ténèbres, duk idonsu na kan kyaftin ɗin: me ya same shi, yaushe ya fara lalacewa.

Wanda ya juya akalar labarin ɗan Nijar ne, Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku. A 1980 ya fitar da littafinsa Sarraounia. Rahoton Faransa ya ba yaƙin Lugu 'yan layuka ne kawai: an yi artabu mai zafi, an rasa sojoji, mutanen garin sun janye cikin kurmi, an ƙone garin. Mamani ya ɗauki wannan ɗan guntun ya gina masa gida. Ya ba Sarauniya ƙuruciya da tarbiyya da jawabi, ya sa tsoronta ya bi ayarin yana cin zukatan sojoji har zuwa ranar da suka juya wa iyayen gidansu baya. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986. An shirya ɗaukarsa a Nijar, shirin ya wargaje, sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta karɓe shi, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya. Ya lashe babbar kyautar FESPACO a 1987.

Ba na cikin masu ganin laifin Mamani don ya ƙara gishiri. Littafin ƙirƙira ya rubuta, bai ce kundin tarihi ba ne, kuma ya yi abin da babu wanda ya yi kafinsa: ya sa ɗan makaranta a Mayahi ko Tasawa ya ji labarin 1899 da jaruma tasa a tsakiya. Yau sunanta na kan gidan rediyo da talabijin da makarantu. Inda nake da ja shi ne wurin da wannan sigar ta sauke kaya. Nauyin ƙarshenta yana kan mutuwar kyaftin biyu da dawowar Sarauniya cikin nasara, har mai kallo ya tashi da jin an kori Bature. Ashe Paris da Mamani, duk da bambancin niyyarsu, sun haɗu a kan abu guda, cewa labarin ya ƙare a tsakiyar Yulin 1899.

Bai ƙare ba. Mako biyu bayan an binne Voulet, wannan ayarin dai, da bindigoginsa da igwarsa da sojojinsa, ya fasa rundunar Damagaram a Tirmini, ya shiga Zinder a ƙarshen Yuli. A watan Satumba aka kashe Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga. Laftanan Joalland, wanda ya yi tafiyar nan tun daga farko a ƙarƙashin Voulet, ya haɗa kai da Meynier, wanda aka harba a Dankori, suka ci gaba zuwa Tafkin Cadi. Suka haɗu da ayarin Foureau da Lamy da ya keto Sahara daga Aljeriya, da na Gentil da ya hauro daga Kongo. Ranar 22 ga Afrilun 1900 aka kashe Rabe a Kusuri. Duk abin da aka aiko Voulet ya yi, an yi shi. Joalland da Meynier kowannensu ya kai muƙamin janar.

Har iyakar da ta raba dangi a yau tana da alaƙa da wannan tafiya. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, ta bar wa Faransa hanyar da ba ruwa. Voulet bai damu da layin ba, ya tsallaka ya bi rijiyoyi. Faransa ta yi ta matsa wa Ingila har aka gyara iyakar a 1904 da 1906, ta samu hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Zinder ta Ƙonni da Maraɗi. Titin da motocin Yamai ke bi zuwa Damagaram, a wurare da dama, kusan sawun ayarin ne. Wannan shi ne kashi na biyu na gaskiya, kuma ba shi da daɗin ɗauka a fim, domin babu mahaukaci a cikinsa. Akwai haraji, da aikin tilas, da kwamanda mai hankalinsa garau yana zaune a ofis a Tasawa. Su ma masu Star Wars nan suka tuntuɓe: sun nuna daula ta farfaɗo bayan mutuwar sarkinta, suka kasa riƙe labarin a haka, sai da suka tono gawa.

Saura waɗanda aka yi abin a kansu. A 2020 Rob Lemkin ya fitar da African Apocalypse, inda Femi Nylander ya bi hanyar ayarin gari gari. Fim ɗin ma bai kuɓuta daga maitar Voulet ba, ya ɓata lokaci yana gwada shi da Kurtz na littafin Joseph Conrad. Amma ya ajiye kyamara a gaban dattawa da jikoki suna faɗin abin da kakanninsu suka gaya musu, da Hausa, kuma daga baya tashar Arewa24 ta nuna fassararsa. A bakinsu ba a tambayar ko kyaftin ɗin ya haukace, ko ina ƙasusuwansa suka shiga. Ana lissafin zuriyar da ta watse ne, da waɗanda suka gudu kudu zuwa ƙasar da ta zama Najeriya ba su dawo ba.

A 2021 wakilan wasu daga cikin garuruwan suka kai kukansu ga Majalisar Ɗinkin Duniya, suna neman a buɗe musu takardun ajiya, a amsa laifi, a yi maganar diyya. A 2025 Faransa ta mayar da amsa a rubuce. Ta ce ƙofarta a buɗe take ga tattaunawa da hukumomin Nijar, ba ta amsa laifi ba.